Kwalbar da aka kawo mini ina wata shida

Ranar wata Asabar bayan la'asar ina zaune a tsakar gida, na miƙe ƙafafu a kan tabarma ina ta gurgurar ƙanƙara, sai ga ƙanwar maigida ta yi sallama da baƙar leda a hannu. Takanas ta taso daga Malali zuwa Unguwar Dosa. Ko mayafi ba ta cire ba ta zaro wata farar kwalba mai shuɗin murfi ta ɗora mini a cinya.

"Anti, maganin kasalar nan taki na samo miki. Amma tsaya ki ji wannan tukuna."

Ta kunna mini saƙon murya na minti bakwai daga wani zauren mata na WhatsApp. Matar da ke magana ta iya bakinta, wannan kam ba zan hana ta ba. Ta fara da salati, ta yi wa masu juna biyu addu'ar sauka lafiya, sannan ta shiga bayani. Wai akwai wani sinadari a jini mai suna karnitin, da zarar mace ta ɗauki ciki sai rabinsa ya tafi, shi ya sa za ki ga mai ciki kullum a kwance kamar an zare mata laka. Wai matan Turai duk shi suke sha, likitocinmu ne ba su waye ba. Kwalba ɗaya naira 18,000, in kin ɗauki biyu a yi miki ragi. Yarinyar nan daga kuɗin adashinta ta cira ta saya mini, don haka ban ce komai ba sai godiya da sa albarka.

Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata, shekarata 11 ina riƙe da alli, kuma sunan ba baƙo ba ne a kunnena. Na taɓa haddace shi ina jami'a a Samaru saboda jarrabawa, na kuma zubar da shi a bakin ƙofa da na fito, kamar yadda kowa ke yi. Amma ranar nan har cikin raina na so maganar matar ta zama gaskiya. Cikin nan na uku ya zo mini da abin da na fari da na biyu ba su zo da shi ba. Ajin da nake koyarwa a saman bene yake. In na kai tsakiyar matakala sai na tsaya na ciro waya kamar ina duba saƙo, alhali numfashi nake nema. Na je Kasuwar Barci sayen kayan jarirai jiri ya kwashe ni, sai da wani mai gwanjo ya ba ni bencinsa ya aika a sayo mini ruwa. Ga ƙanƙara. In an ɗauke wuta firjinmu ya narke, yara nake aikawa maƙwabta su sayo mini, in zauna in tauna ta kamar gyaɗa. Mai irin wannan hali in aka ce masa ga magani a kwalba ɗaya, ba ya son dogon bincike.

Duk da haka da dare na sa babban ɗana ya sauko mini da kwalin tsofaffin littattafaina na jami'a, na haɗa da waya na zauna. Abin da ya ba ni haushi shi ne matar ba ƙarya zalla ta yi ba. Da ƙarya ce tsagwaronta da sauƙi.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da wasu 'yan murahu a cikinta, masana na kiran su mitokondiriya, a nan ake ƙona abinci ya zama ƙarfi. Kitse itace ne mai kyau, mai daɗewa yana ci, sai dai doguwar itacen ba ta iya shiga bakin murhun da kanta, sai an samu mai ɗauka ya tsallaka da ita. To karnitin shi ne ɗan dakon. Ya shigar da kitse, ya fito, ya koma ya ɗauko wani. Shi ya sa kusan dukkansa, wajen kashi 95 cikin 100, a tsoka da zuciya yake zaune, wuraren da suka fi cin wannan itacen. Wanda ke yawo a jini ɗan kaɗan ne. A 1905 aka fara gano shi a cikin ruwan nama, wasu masana a Rasha da wani a Jamus, kuma daga kalmar Latin mai nufin nama aka yanko masa suna. An ma taɓa sa shi a sahun bitamin, saboda an lura wata tsutsar gari ba ta girma in babu shi. Daga baya aka gane ɗan Adam ba kamar tsutsar nan yake ba: hantarsa da ƙodarsa suna haɗa nasu daga wasu tubalan furotin guda biyu, laisin da metiyonin. Ƙoda kuma tana rowarsa, ba ta barin ya bi fitsari sai ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka har mutanen da ba sa cin nama sam ba kasafai ake samun su da cutar rashinsa ba.

Maganar raguwarsa lokacin ciki kuwa haka take. Tun wajen mako na 12 yake fara sauka a jini, kafin haihuwa ya kai kusan rabin yadda yake a da, kuma an ga haka har a jikin matan Turai masu ƙoshin lafiya da cin mai kyau. Akwai dalilan da ake zaton su ke jawo haka. Ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, kuma duk wadda ta taɓa ƙara ruwa a zoɓo don ya ishi baƙi ta san launin sai ya dushe ko da zoɓon bai ragu ba. Ɗan da ke ciki kuma yana jan nasa ta mabiyiya, don shi bai ƙware wajen haɗawa ba tukuna, ga shi yana faɗowa duniya zai koma rayuwa a kan kitsen nono. Ƙoda ma aikinta yana ƙaruwa, tana tace jini fiye da da. Akwai dalili na huɗu, amma shi sai da na je awo na dawo sannan idona ya kai kansa.

Talata ce ranar awonmu. Ana idar da sallar asuba na hau keke napep na je na ajiye kati, duk da haka ni ce ta 23. Aka gwada hawan jini, aka hau sikeli, aka ɗebi jini. Da aka kira ni, Sista mai gilashin nan da kowa ke shakka ta dubi takardar, ta dube ni, ta janyo fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna.

"Malama, PCV ɗinki, wato awon ƙarfin jininki, 26 ne. Kina shan jan maganin nan da muke ba ku?"

Na ce ina sha.

"To madalla. Bayan gidanki wane launi ne?"

Na yi tsuru-tsuru. Maganin ƙarin jini yana mayar da bayan gida baƙi, duk mai shan sa ta sani, ni kuwa tun wata na huɗu nake karɓar ƙwayoyin ina jera su a durowar madubi. Na sha na kwana biyar na bari. Ƙarnin ƙarfe yake mini a maƙogwaro, yana tayar mini da zuciya, ga bushewar ciki. Sannan Hajiya, uwar maigida, ta taɓa cewa maganin asibiti shi ke sa ɗa ya yi ƙaton kai har sai an yi wa mace aiki. Na san ba haka ba ne. Ni nake zana zuciya da jijiyoyi a allo ina koya wa 'ya'yan mutane. Amma da yake ina neman hujjar bari, sai maganar ta zauna mini daram.

Sista ta wanke ni tas, a gaban mata kuwa. "In ke mai koyarwa kin ɓoye magani a durowa, wadda ba ta shiga aji ba me za ta yi? Jinin da za ki zubar ranar haihuwa a ina za ki samo shi? Ko kin ajiye wani a banki?" Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, amma na lura ba ni kaɗai na sunkuyar da kai ba.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan wannan ba ta da sarƙaƙiya: kowace mai ciki ta sha sinadarin ayon, wato ƙarfen da ke cikin jan maganin nan, miligiram 30 zuwa 60, da bitamin ɗin da ake kira folik asid maikirogiram 400 kullum. In himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 11, wato PCV ƙasa da 33, an shiga ƙarancin jini. Ciki ɗaya yana cin ayon wajen miligiram 1,000 daga farko zuwa haihuwa, na ɗa da na mabiyiya da na ƙarin jinin uwa da wanda za a zubar. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Najeriya suna da ƙarancin jini. Na dubi bencinmu, mu goma ne a kai. Shida ke nan, ni ce ta farkonsu. Taunar ƙanƙarar ma da nake ɗauka kwaɗayin ciki ne, ashe sananniyar alama ce ta rashin ayon, ita da cin farar ƙasa da wasu matan ke yi.

Da na shiga wajen likita, wata matashiya mai sanyin murya, na ciro kwalbar daga jaka ina jin kunya. Ta juya ta gaba da baya tana neman lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, babu. Ta ajiye ta a gefe ta rubuta a yi mini gwajin zazzaɓin cizon sauro da na tsutsar ciki, ta duba katina ta ga jinina AA ne, ba ni da sikila, sannan ta ce, "Malama, kin bar jaki kina dukan taiki. Haki da jiri da bugun zuciyar nan na ƙarancin jini ne. Ki sha jan maganin sau biyu a rana, mu ga juna bayan mako biyu. In bai hau ba za mu yi wata maganar."

Da na dawo gida na sake buɗe littafin nan na Samaru, shafin da na zana yadda jiki ke haɗa karnitin, kibiya bayan kibiya, matakai huɗu. A gefen mataki na farko da na ƙarshe, da jan biro, da hannuna, na rubuta ayon da bitamin C. A tsakiya kuma bitamin B6 da niyasin. Wato ma'aikatan da ke haɗa ɗan dakon nan ba sa motsi sai da ayon, abin da na jera a durowa na rufe. Dalili na huɗu ke nan. Wani ɗan ƙaramin bincike da aka yi a Jamus aka buga a 2009 ya taɓo wannan: an ba wasu masu ciki karnitin miligiram 500 a rana tun daga mako na 13, nasu bai sauka kamar na sauran ba, kuma an lura matan da ayon ɗinsu ya yi ƙasa su ne karnitin ɗinsu ma ya fi yin ƙasa. Ina zargin irin wannan binciken ne masu talla suka tsinta suka yanke inda ya yi musu daɗi. Abin da aka auna a can lamba ce a jini. A jerin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba masu ciki babu karnitin, haka kuma ƙwayar nan mai haɗin sinadarai 15 da aka fara rabawa a wasu asibitocin awo, shi ba ya ciki.

Ba ina cewa babu masu buƙatarsa ba. Akwai waɗanda ake haifa da cutar gado da ke sa ƙodarsu zubar da shi, akwai masu wankin ƙoda, akwai bakwaini, akwai masu shan wani maganin farfaɗiya da ke cinye shi. Waɗannan likita ne ke auna su ya rubuta musu. Wanda ya ɗirka da yawa don kansa kuwa, wajen giram 3 a rana, abin da aka sani yana samu shi ne tashin zuciya da murɗar ciki da gudawa, da wani ƙarnin kifi a jiki. Mai ciki da ko ƙamshin turarenta ba ta iya jurewa, a ƙara mata da wannan!

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da na zauna na lissafa abin da nake ci. Da safe shayi da burodi a tsaitsaye. A makaranta awara ko taliya da manja. Da dare tuwo miyar kuka ko kuɓewa, ana gamawa maigida ya ɗora butar shayi, don shi ko a watan zafi sai ya sha, ni ma in karɓi kofi. Nama kuwa ana sa shi a miya, ba za a ce ba a sa ba. Amma in yanka takwas ne a tukunya, uku na kwanon maigida, biyu na Hajiya, yara ɗai-ɗai, ɗayan kuma almajirinmu na gani da idonsa. Ni sai romo da ƙashi. Babu wanda ya kafa mini wannan doka. Ni ke riƙe da ludayi, haka na ga Innata na yi, haka ita ma ta gani.

Alhali jan naman nan shi ne ya haɗa abu biyun da nake nema. Ayon ɗin da ke cikinsa shi hanji ya fi saurin karɓa, ya fi na ganye da na wake nesa ba kusa ba. Karnitin kuma gidansa ke nan: tsokar sa kamar faɗin tafin hannu tana ba da daga miligiram 40 har sama da 100, kaza mai wannan girman ba ta kai 5 ba, kofin madara wajen 8, ganye da hatsi kuwa kusan babu. Kuma wanda ya zo ta abinci jiki ya fi amfana da shi fiye da na kwalba, wanda akasarinsa wucewa yake yi. Shayin da nake korawa da shi kuma yana ɗaure ayon ɗin tuwo da miya ya hana shi shiga jini. Abu mai bitamin C ne ke buɗe masa hanya: lemo, gwaiba, ɗanyen tumatir, garin 'ya'yan kuka da ake kaɗawa a nono.

Da na faɗa wa maigida lissafin yankan nama ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Wai dama ke ba kya ci? Shekara nawa?" Na ce ya ci tuwonsa kawai. Washegari ya bi ta Zango a Tudun Wada ya dawo da tsoka da hanta a leda, ya ce wannan ba na miya ba ne, nawa ne ni kaɗai. Ban ce kullum ake yi ba, albashi bai kai nan ba, kowa ya san abin da nama ya zama. Sau biyu ko uku a mako ne. Sauran ranakun wake da alayyahu, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir, dafaffen ƙwai, busasshen kifi a miya. Shayi na ɗaga shi zuwa hantsi, nesa da abinci da magani. Jan maganin kuma na koma shan sa da ruwan lemo, na dare kuma sai zan kwanta, don in yi barci kafin zuciyata ta tashi. Bushewar cikin sai da na haɗa da gwanda da ruwa mai yawa.

Da Hajiya aka ɗan sha fama. Ita ta yarda da hanta ɗari bisa ɗari, "hanta ai jini ce, 'yar nan," har tana so a gasa mini kullum. Na ce mata likita ta ce kaɗan, jefi-jefi, don bitamin A ya yi yawa a cikinta kuma yawansa na iya cutar da ɗan ciki. Ta ce yau ta ji ikon Allah, abin da ke ƙara jini kuma shi ake wa awo. Ƙwai kuwa ba ta so, jan magani ma ba ta so. Ban yi gardama da ita ba, ba a haka da surukai. Maigida na tura, ya je ya zauna a ɗakinta bayan isha'i ya ce mata, "Hajiya, jinin ne ya yi ƙasa, an ce in ba a tashe shi ba sai an nemi masu ba da jini ranar haihuwa." Jin an ambaci ƙarin jini ta sauko. Yanzu ita ke leƙowa da safe: "Kin sha abin naki?"

Cikin mako biyu na daina neman ƙanƙara, ban ma lura ba sai da ƙaramar ta tambaye ni ko an daina aiken. Bayan mako shida PCV ya kai 31. Ina hawa bene yanzu ba tare da na duba saƙon ƙarya ba, ko da yake nauyin wata takwas ma aiki ne. Na karɓi Fansidar ɗina na rigakafin zazzaɓi a gaban Sista, don ta ce ba ta ƙara yarda da durowata, gidan sauro kuma na sauko da shi daga inda na naɗe shi. Abu ɗaya ne ba ya gyaruwa: folik asid aikinsa mafi girma a kwana 28 na farko yake, lokacin da lakar baya da ƙwaƙwalwar ɗa ke rufewa, tun mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Ni sai a wata na huɗu na fara zuwa awo. Sikanin ya nuna komai lafiya, alhamdu lillahi, amma na sa wannan a darasin 'yan ajin ƙarshe, don da yawansu shekara ɗaya ko biyu ta rage a kai su ɗaki.

Kwalbar tana nan a saman kwaba ba a ɓalle murfinta ba. Ƙanwar maigida ta nemi a mayar mata da kuɗinta, matar ta ce kaya in ya fita ba ya dawowa; da ta tambayi lambar NAFDAC a cikin zauren, aka cire ta. Na biya ta rabin kuɗin daga albashina, ta ƙi karɓa, na sa a jakarta tana salla.

Inna ta ce tunda jinin ya taɓa yin ƙasa, gida zan koma in haihu a gabanta a Zariya, ko da yake ba cikin fari ba ne. Jiya ta kira tana ba ni labari da murna: an sauke itacen wankan jego, ta kuma sa an kawo mata kanwa mai kyau ta kunu. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya ke kama masu jego a yankin, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Na san wannan, Inna kuma ta haifi tara ta yi jegonsu duka da kanwa. A waya dai na ce mata Allah ya saka da alheri. Jibi maigida zai kai ni, na riga na sa jan maganin da katin awo a aljihun jaka na gaba.